Awannin mata a wuraren iyo na Ingila, da darasin A Daidaita Sahu

Duk wanda ya zauna a Birmingham ko Bradford ko gabashin Landan ya san allon nan da ake liƙawa a ƙofar wurin iyo ko ɗakin motsa jiki: ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, mata kaɗai. Ya kuma san ƙorafin da ke biyo baya. Namiji ya taso daga aiki, ya biya kuɗin wata kamar kowa, a ce masa yau sai dai ya koma. Wasu su ce wariya ce, wasu su ce an durƙusa wa Musulmi. Ni ina goyon bayan waɗannan awanni, amma ina ganin masu kare su da masu sukarsu duk sun bar jaki suna dukan taiki, don abin da ke gyara su ko ya ɓata su yana cikin jadawali da ma'aikata da tagogi.

A gida, ƙasar Hausa, ba mu saba da wannan gardama ba, saboda gini da al'ada sun riga sun raba. Akwai zaure, akwai cikin gida, akwai "ba shiga" a bango. Gidan kitso da na lalle na mata ne ba tare da an rubuta ba, Islamiyyar matan aure kuma tana da lokacinta. A nan Ingila kuwa wuri ɗaya ne na kowa, sai a raba da agogo, kuma sai doka ta yarda.

Dokar Daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana bambanta mace da namiji wajen ba da hidima, amma ta bar ƙofa. Ana iya ware hidima ga jinsi ɗaya in akwai manufa ta halal, kuma matakin bai wuce gwargwadon buƙata ba. Cikin dalilan da ta amince da su akwai cewa haɗa jinsin biyu zai rage amfanin hidimar, ko cewa mutum zai iya ƙin kasancewar ɗaya jinsin bisa hujja, kamar inda ake tuɓe kaya. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa jinsi a wannan doka yana nufin na halitta, abin da ya sa wurare da dama sake duba ƙa'idar shigarsu. Amurka kuwa kowace jiha da tata dokar. A 2008 Jami'ar Harvard ta ware awa 6 a mako ga mata a ɗaya daga ɗakunanta na motsa jiki bayan roƙon ɗalibai Musulmi, aka yi ta cece-kuce. A 2016 rigimar ta faɗa kan wani wurin iyo na hukuma a unguwar Williamsburg ta New York, kuma can matan Yahudawa masu riƙon addini ne ke amfana, aka ƙare da rage awannin. A 2022 Kotun Ƙolin jihar Connecticut ta ce ware wa mata sashe a ɗakin motsa jiki ya saɓa wa dokar jihar. A California tun 1985 kotu ta haramta rage wa mata farashi a "daren mata". Wannan na ƙarshe ma bai kamata a haɗa shi da batunmu ba: rangwame dabarar kasuwa ce, sirri kuwa buƙata ce.

Ga yadda abin ke lalacewa a aikace. Wurin iyo ya sanar da awar mata, mata su zo, sai su tarar mai gadin ruwa, wato mai ceton wanda zai nutse, namiji ne, don macen da ke da takardar ceto guda ɗaya ce kuma yau ba ta da lafiya. Wadda ta shawo kan mijinta ko kunyarta ta zo, ta juya, da wuya ta sake dawowa. Saboda haka kada a buɗe zama sai akwai aƙalla mata biyu masu takardar ceto a bakin aiki da ta uku ta ko-ta-kwana, da hanyar tura saƙo kafin lokaci in za a soke. Sai tagogi. Yawancin wuraren iyo suna da benen 'yan kallo ko gilashin da ke kallon wurin shan shayi; in ba a sa labule ba, aikin banza aka yi. Kyamarar tsaro ba a kashe ta, amma a faɗa wa mata wanda ke kallon allon. Mai shara da mai gyaran famfo a sauya musu lokaci. A bar minti 15 tsakanin fitar maza da shigar mata, don ɗakin canza kaya ba ya zama fanko nan take. A rubuta shekarun yaron da zai iya shiga da uwarsa. Wurare da yawa a nan suna tsayawa a 8. A hana ɗaukar hoto, har na kai, don bayan mai ɗaukar akwai wata. A kuma faɗi gaskiya tun farko: in wata ta suma ko gobara ta tashi, namiji zai shigo.

Tufafi ma sai an yi bayani. Rigar auduga da zani suna shan ruwa su yi nauyi, zarensu kuma yana toshe matatar ruwa. Rufaffen kayan iyo na yadin roba shi ne ya dace.

Lokaci shi ne inda aka fi yin zalunci, kuma ta ɓangarori biyu. In aka ba mata ƙarfe 3 na rana, daidai lokacin ɗauko yara daga makaranta, wurin zai zama wayam, bayan wata uku a ce babu buƙata. In kuma aka kwashe ƙarfe 6 zuwa 8 na yamma kwana uku a mako, an ci haƙƙin mazan da ba su da wani lokacin. Wurin da ke buɗe awa 90 a mako, in ya ware 3, ɗaya da safe a ranar aiki, ɗaya da yamma, ɗaya a ƙarshen mako, bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma wannan lissafi ne da ake iya karewa a gaban kowa. A sa shi cikin yarjejeniyar shiga kafin mutum ya biya. In maza sun nemi tasu awar, a ba su. Akwai dattawa da masu ƙiba da masu tabon tiyata da su ma ba sa son idon mata. Kuma a tuna magariba a Ingila tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 a Disamba, ta haura ƙarfe 9 a Yuni, don haka jadawali ɗaya ba zai yi shekara ba.

Kano ta koya mana wani abu a nan. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku, A Daidaita Sahu, domin su. Niyyar ta kare mutunci ce, amma baburan ba su wadaci mata ba, sai aka bar su tsaye a bakin titi, kuma yau kowa ke hawa. An fara da hani kafin a tanadi madadin. Awar mata a Ingila ta fi wannan ta fuska ɗaya: ƙari ce, mace na da damar zuwa sauran awannin in ta so. Wannan nake so masu buɗe ɗakunan motsa jiki a Kano da Kaduna da Yamai su riƙe. Wanda zai ware wa mata safiya, ya fara ɗaukar mace mai horarwa, ya sa labule, ya sauya mai karɓar kuɗi a ƙofa, sannan ya liƙa allon.