"Su Ai Ba Sa Magana da Irinku"

Jiya na koma banki karo na huɗu a kan kuɗin gumina. Aiki na yi wa wani kamfani na ƙasar waje, sun biya yau mako uku ke nan, kuɗin ya taso daga can bai sauka nan ba, yana reto a sararin samaniya. Duk wanda ya taɓa jiran kuɗi daga waje ya san ciwon, ba sai na ɓata bakina ba.

Yaron da ke kan teburin ko ɗago kai bai yi ba. Na yi sallama, ya amsa wa kwamfutarsa. Na ajiye takardar yarjejeniyar aiki, da rasit, da katin shaida, da wasiƙar da ya rantse wancan karon ita kaɗai ta rage. Ya ɗaga su da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma.

"Malam, ba a wurinmu matsalar take ba."

"To a wurin wa take?"

"Bankin da ke tsakani ne ya riƙe. Suna bincike."

"Binciken me, ɗana?"

"Asalin kuɗin. Ƙa'idar duniya ce."

Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce to ya ba ni lambarsu in yi musu bayani da bakina. Sai a lokacin na samu arzikin ganin idonsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi ɗan murmushin nan na wanda ya ji wauta.

"Malam, su ai ba sa magana da irinku. Mu ma saƙo muke turawa mu jira." Ya leƙa bayana. "Na gaba!"

Irinku! A haife na haifi yaron nan, amma wallahi ba shi ne ya hana ni barci ba. "Ƙa'idar duniya" ce ta tsaya mini a wuya. Wace duniyar? Ranar da ta zauna ta tsara ƙa'idar, wa ya tafi da yawuna?

Ƙa'idojin hana halasta kuɗin haram da ake kafa mana hujja da su, asalinsu wani kwamiti ne mai suna FATF da ƙasashe bakwai masu ƙarfin arziki suka kafa a Paris a 1989. Ƙa'idojin guda 40 ne, kuma wai shawarwari sunansu. Kyakkyawar shawara kuwa, wadda in ƙasa ta yi sakaci da ita a jefa ta cikin jerin masu launin toka, wato ƙasashen da ake sa wa ido, daga nan manyan bankuna su fara ɗari-ɗari da duk wani ɗan ƙasar, mai laifi da mai neman na tuwo. Hanyar da saƙon kuɗin ke bi ma, SWIFT, ba ta wata gwamnati ba ce, ƙungiyar bankuna ce a Beljiyam. Kamfanoni uku, Moody's da S&P da Fitch, su ke yi wa ƙasashe maki kamar 'yan firamare, makin kuma ya yanke yawan ruwan da za a ɗora musu a bashi. Su ɗin dai da suka manna wa ruɓaɓɓun takardun bashin gidajen Amurka tambarin AAA, makin aminci mafi girma, kafin kasuwannin kuɗi su rushe a 2008. Wa ya zaɓe su? Wa zai iya sauke su?

Kuma don Allah kada a ce mini tsantseni ne. A 2016 takardun sirri sama da miliyan 11 na wani kamfanin lauyoyi a ƙasar Panama suka fallasa yadda manya ke ɓoye dukiya a kamfanonin bogi. Nasu kuɗin bai taɓa kwana yana jiran wasiƙa ba. Tarun nan ƙananan kifaye kaɗai ya iya kamawa.

Amma babban takaicina gwamnatocinmu ne. Kowace shekara ministoci na kwasar tawaga zuwa taron Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, a sha hoto, a dawo. A asusun nan Amurka na da sama da kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'u, manyan hukunce-hukunce kuma sai da kashi 85, wato ita kaɗai ta ce a'a an tashi taro. Tsarin da aka dasa harsashinsa tun 1944, lokacin da yawancin ƙasashenmu ke hannun 'yan mulkin mallaka. Shugabanninmu sun san haka sarai, kuma ya yi musu daɗi, domin sun samu inuwar fakewa. Su suka ciyo bashin, su suka sa hannu a sharuɗɗan, su suka ƙi gyara dokokinsu har aka ɗauki kowannenmu ɓarawo. In ka tambaya su ce daga waje ne, na wajen su ce ai ƙasarku mai 'yanci ce, ita ta amince. Minista da yaron banki, bakinsu ɗaya: ba a wurinmu matsalar take ba.

Da safen nan saƙo ya shigo wayata daga bankin. Wai in kawo wata wasiƙa daga kamfanin, wadda za ta tabbatar da cewa wasiƙarsu ta farko tasu ce. A ƙasa kuma an rubuta mini cewa za a cire kuɗin bincike.