Mayen kwamfuta ba ɗan Yahoo ba ne

Kwanan baya wani maƙwabcina a unguwarmu ta wajen Ƙofar Ƙaura ya tare ni bayan sallar la'asar, ransa a ɓace. "Malam, don Allah ka yi wa yaron nan faɗa," in ji shi. "Kullum yana ɗaki ya tasa kwamfuta gaba, rubutu ne kawai ke gudu kamar tururuwa. Ko majalisar samari ba ya zuwa. Ina tsoron kada ya zama ɗan Yahoo." Na ce, "Alhaji, wa ya gyara maka wayarka lokacin da ta kulle?" Ya ce shi ne. Wa ya cike wa ƙannensa rajistar JAMB? Shi ne. Wa ya haɗa maka lambar NIN da layinka? Nan ma shi ne. Sai dattijon ya yi dariya, amma damuwarsa ba ta tafi ba.

Irin wannan yaro Turawa ke kira gik, kalmar da a da zagi ce a bakinsu. Mu nan mun fi cewa mayen kwamfuta, ko kuma, idan yana gyaran waya a kasuwa, mu ɗora masa Injiniya, rabi girmamawa rabi zolaya. Shi ne wanda in an ba shi sabuwar rediyo sai ya kwance ta ya ga cikinta kafin ya saurari labarai. Abin da ke damuna shi ne mun juya ma'auni. Saurayin da ya ci bashi ya sayi iPhone don 'yan mata su gani, ya kwana yana murza TikTok har asuba, shi muke ce wa wayayye. Wanda ya sayi tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo don ya koyi rubuta manhaja, shi muke yi wa kallon mai taɓin aljanu ko ɓarawon zamani.

Ba na cewa tsoron iyaye ba shi da tushe. Damfara ta intanet gaskiya ce, kuma da wuya ka samu gida a Katsina da ba a taɓa kiran wani a cikinsa an ce "daga banki ne, karanto mana lambar da aka turo maka" ba. Amma mai damfara da mai bin ƙwaƙƙwafi ba hanyarsu ɗaya ba. Na farko kuɗi yake nema cikin gaggawa, kuma za ka ga alamar a jikinsa: sababbin sutura da abokai masu mota, ba tare da sana'ar da za a nuna ba. Na biyu kuwa yawanci aljihunsa wayam ne, don duk abin da ya samu data ta cinye. Ka tambaye shi abin da yake yi, zai cika ka da bayani har ka gaji. Ɓarawo ba ya son a tambaye shi.

Kuma wannan hali ba baƙo ba ne a garin nan. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin da sunansa ma ya nuna mahaifarsa, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lissafi, wato gidajen lambobi da in ka tara su a tsaye ko a kwance ko a karkace jimilla ɗaya suke bayarwa. Mafi sauƙinsu shi ne mai gida tara, lambobi 1 zuwa 9, kowane layi 15. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu nazarin tarihin lissafi a Afirka suna ambatonsa. Ka yi tunanin tsawon dararen da ya kwashe yana jera lambobi yana gogewa. Da yau yake raye a wani lungu kusa da Gobarau, ina kyautata zaton maƙwabta za su ce ba ya shiga mutane.

Wayar da ke aljihun Alhajin nan ma, in Android ce, tana tafiya ne bisa tushen wata manhaja da ake kira Linux, wadda wani ɗalibin jami'a a Helsinki mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 don nishaɗin kansa.

Mun riga mun ɗanɗana yadda rayuwarmu ta rataya da waɗannan na'urori. A Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, mutanen Batsari da Jibiya da Safana sai sun yi tafiya kafin su samu sabis su gaida 'yan uwa. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mai shayi ma sai da ya koyi karɓar tiransifa. Al'ummar da ta dogara da abu haka, amma ta raina masu sanin cikinsa, tana nan kamar mai doki da ke zagin maƙeri.

Su ma mayun nan ina da ƙorafi a kansu. Da yawansu da zarar sun iya abu kaɗan sai girman kai ya shiga. Dattijuwa ta kawo waya, maimakon a ce "Hajiya, wayar ce ta cika, sai an rage hotuna," sai a yi mata ruwan Turanci don ta ji ita jahila ce. Wasu kuma a kasuwar waya, in an ba su gyara, sai su shiga leƙen hotunan mutane, wanda cin amana ne ƙarara, kuma shi ke ƙara wa iyaye zargi. Sannan ga sakaci da harshe: yaro ya iya harhaɗa shafin intanet, amma bai damu ya sa wa wayarsa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ya rubuta "kasa" ka rasa ƙasa yake nufi ko gazawa.

Daga baya na shiga wurin yaron maƙwabcin nawa. Ɗakin zafi kamar tanda, fankar ta tsaya don wuta ta ɗauke, kwamfutar na jone da batirin mota. Abin da yake haɗawa 'yar manhaja ce ta lissafin bashi, saboda littafin shagon babansa ya taɓa jiƙewa da ruwan sama har sunayen masu bashi suka goge. Na tambaye shi ko ya nuna wa Baba. Ya ce a'a, yana jira sai ta daina kuskure wajen tara kuɗin buhunan shinkafa.