Ƙashin mace bayan ɗaukewar al'ada: hanji ma yana da hannu

Iyayenmu mata da yayyenmu da suka haura hamsin, ina roƙon ku karanta wannan a tsanake. Da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin mata da ake kira istirojin yakan yi ƙasa, ƙwayoyin halittar jiki da ke rushe tsohon ƙashi su fi masu gina sabo sauri. Mace kan iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwarin ƙashinta a shekaru biyar na farko, kuma ba ciwo ba alama, sai ranar da santsi ya kwashe ta wuyan hannu ko kwatangwalo ya karye.

To ina hanji ya shigo? Bakteriyar da ke zaune a babban hanji suna cin faiba, wato ɓangaren abincin da cikinmu bai narkar ba, su fitar da wasu sinadarai irin su butiret. Waɗannan suna ƙara tsamin hanji yadda kalsiyam zai fi shiga jiki, suna ƙarfafa bangon hanjin, suna kwantar da kumburin da ke zuga masu rushe ƙashi. A 2016, masu bincike a jami'ar Emory ta Amurka sun ga ɓerayen da aka raina babu bakteriya ko ɗaya a cikinsu ba su yi asarar ƙashi ba bayan an hana su sinadarin istirojin. Abin ya ja hankali ƙwarai.

Amma a yi hattara da kwalaben furobayotik, wato bakteriya masu amfani da ake sayarwa a kafso don a sha. Gwajin da aka yi a Suwidin a 2018 kan mata 90 masu shekara 75 zuwa 80 ya nuna wani nau'in bakteriyar Lactobacillus reuteri ya rage zaizayewar ƙashin ƙwauri da kusan rabi cikin shekara ɗaya. Da aka gwada shi shekara biyu a kan matan da al'adarsu ba ta daɗe da ɗaukewa ba, bai yi tasiri ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana tallar kafso kamar ya maye gurbin komai.

Ni a ganina a ciyar da bakteriyar da ake da su tukuna. Faiba giram 21 zuwa 25 a rana daga wake, ganye, albasa, tafarnuwa da hatsin da ba a cire masa dusa ba. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, da ruwa mai yawa, in ba haka ba ciki zai kumbura, a gaji a watsar. Kalsiyam miligiram 1,200 a rana. Kofin madara ko yogot ɗaya yana ba da wajen 300. Mai shan ƙwayar kalsiyam kada ta wuce miligiram 500 a zama ɗaya, domin hanji ba ya ɗaukar fiye da haka yadda ya kamata. Sai bitamin D, da tafiya da ɗaga ɗan nauyi.

A daina shan antibayotik ba da umarnin likita ba, yana kashe bakteriya masu amfanin har da masu cutar. Wadda ta daɗe tana shan omeprazole (maganin olsa) ko prednisolone (maganin kumburi) ta sanar da likitanta, domin suna iya raunana ƙashi. Wadda ta kai 65, ko ta taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa, ta nemi gwajin DEXA, wato hoton da ke auna ƙwarin ƙashi. Idan sakamakon ya kai -2.5 ko ƙasa, maganin ƙashi take buƙata daga likita, abincin ya zo a matsayin tallafi.