Maimaita tsohon fim ba yau aka fara ba

Ana yawan cewa wai basirar masu fim ta ƙare, shi ya sa yanzu sai sake tsofaffin finafinai suke ta yi. To abin dai ba sabo ba ne. Scarface ɗin 1983 da ake ta yabo ai maimaicin na 1932 ne, A Star Is Born kuwa sau huɗu Hollywood ta yi shi, 1937, 1954, 1976 da 2018. Ni a ganina maganar kuɗi ce kawai, kamfani zai zuba miliyoyin daloli dole ya fi son sunan da jama'a suka riga suka sani, sabbin labarai kam marubuta na da su jibge, mai zuba kuɗin ne ke tsoron asara.