Yadda Na Koma Malam Æ˜aura

Gyaran nawa bai taka kara ya karya ba, harafi guda ne da ya karkace a bayanin wani sashe na kernel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Amma ni ɗan Ƙaura Namoda har na hango sunana cikin aikin da Linus Torvalds ya faro tun 1991, na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Mutanen kernel ta imel suke karɓar gyara, rubutu zalla, ba kwalliya. Na buɗe manhajar rubutu ta vi na duƙufa. To ita vi ɗin tsohuwar kwamfutata mai halin mutanen da ce: kana tsaka da rubutu ka danna kibiyar sama, sai ta dasa maka A a sabon layi, ta ƙasa B, ta dama C, ta hagu D. Ga shi an ɗauke wuta, idona na kan maɓallai ina haska su da fitilar waya. Ni ina yawo cikin rubutu, ita tana shuka.

Na kwashe na zuba a manhajar imel na tura. Ita ma ba ta bar ni haka ba. Tab ɗin da kernel ke ji da shi, wato tazarar farkon layi mai faɗin gurbi 8, ta mayar da shi fili. Alamar daidai (=) ta iso can a =3D, bakin wasu layukan kuma =20.

Ƙanena ya leƙo kwafin da ya dawo mini, ya ce, "Yaya, wa kake rubuta wa hatimi?"

Babban aikin yana can ƙasa, wurin Signed-off-by, inda dole ka sa sunanka, ni kuwa na sa Ƙaura. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, Ƙ mai lanƙwasa bayit biyu ce. A hanya wani abu ya karanta su da tsarin Windows-1252, kowanne ya tsaya da ƙafarsa: Æ da ˜.

Mai kula da sashen, bawan Allah mai haƙuri, ya amsa cikin ladabi. Ya gai da Æ˜aura, ya ce gyaran ya ƙi hawa, in gwada git send-email, umarnin da ke tura gyara ta imel yadda yake. Sannan ya tambaya ko "A A B D :wq" na cikin gyaran, alhali :wq umarnin adanawa da fita daga vi ne.

Na sake turawa, komai ya tafi tsaf, har Ƙ ɗina. Ya yi godiya ga Æ˜aura, don daga tsohon saƙo ya kwafo sunan.

Ƙanena ya riga ya adana lambata da shi. Inna kuwa cewa ta yi in dai Turawa ne suka naɗa ni sarautar, a faɗa mata yadda ake kiranta kafin maƙwabta su zo barka.