Magani Kyauta Ba Ya Nufin Babu Lissafi

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 biyan kuɗin magani a gidajen likita na gwamnati, sai dai wasu shugabannin cibiyoyin lafiya suna ɗauka cewa tunda iyaye ba sa biya, cika takardu ɓata lokaci ne. Wannan kuskure ne, domin gwamnati ce ke biya a madadin iyaye, kuma sai cibiya ta gabatar da lissafin yaran da ta duba da magungunan da ta bayar sannan a mayar mata da kuɗinta. Gaskiya biyan yakan yi jinkiri ƙwarai, amma cibiyar da ta yi sakaci da rajista lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakuna, ba ta da hujjar neman ko dala.