Wa Ya Ce Maka Masar Wurin Tana da Kyau?

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan an idar da sallar Juma'a a wani masallaci da ke unguwar Small Heath a birnin Bamingam na ƙasar Ingila, wani matashi ya ji ina magana da Hausa a waya, sai ya tsaya har na gama, muka gaisa. Ashe shi ma ɗan Bauchi ne, daga Dutsen Tanshi, bai fi wata guda da zuwa karatun digiri na uku ba. Abin da ya dame shi shi ne inda zai samu gero da daddawa da busasshiyar kuɓewa, domin maiɗakinsa tana da juna biyu, kuma ranta ba ya karɓar komai sai kunu da tuwo. Ya ce ya shafe kwanaki yana duba taswirar Google, yana bin shagunan da suka fi yawan taurari, amma kullum sai ya koma gida hannu rabbana.

Na ce masa: "Malam, gero yana nan birjik, sunansa ne ya canza." Idan ya shiga shagunan 'yan Indiya da Pakistan da ke Alum Rock ko Sparkbrook, ya tambayi bajra, za a miƙo masa gero, tsabarsa ko garinsa, dawa kuma juwar suke ce mata, tsamiya imli. Daddawa tana shagunan Yarbawa da sunan iru, sai dai galibi tasu ba a kirɓa ta kamar tamu, kuma sau da yawa a firji ake ajiye ta. Busasshiyar kuɓewa kuwa mutanen Sudan ne suka fi riƙo da ita, suna kiran garinta weka. Duk wannan ban karanta shi a ko'ina ba. Wata baiwar Allah 'yar Gombe da ta riga mu zuwa da shekaru ce ta koya wa iyalina, ita ma wani ne ya koya mata. Tun daga ranar nake ta juya maganar a raina, ina kwatanta yadda ake neman wurin cefane da wurin cin abinci a gida da yadda ake nemansa a nan, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne, tsarinmu na gida ya fi na nan daraja a abu guda mai girma, amma yana da rami guda da muke kawar da kai daga gare shi.

A Bauchi shawara tana zuwa ne da sunan mai ita. Lokacin da muke yara, idan Inna za ta aike ni kasuwar Wunti sayen kayan miya, ba ta cewa in je in sayo daddawa kawai. Sai ta kwatanta mini rumfar, ta kwatanta mai rumfar, sannan ta ce in faɗa masa daga gidan wane nake. Wannan kalma guda ita ce ke sa a ɗebo mini daga ƙasan kwando inda mai kyau take, a cika mudu har ya yi tozo, a ɗora gyara a kai. Idan kayan gwari ne da yawa, na biki ko na suna, Muda Lawal ake nufa da sassafe kafin rana ta taɓa tumatir, kuma a can ma akwai wanda gidanmu ya sani. Mai rumfar ya san cewa idan ya yi mini algus, ba ni kaɗai ya cuta ba. Ya cuci Inna, ya cuci Goggo da ta haɗa su, ya kuma yi asarar gidaje biyar ko shida da ke sayayya a wurinsa saboda maganar mutum ɗaya. Ita ma Goggo ta san cewa idan man shanun da ta yaba ya fito da gami, ita za a kalla, don haka ba ta yabon abin da ba ta sa a bakinta ba. Malamai suna karantar da mu hadisin da ke cewa wanda aka nemi shawararsa amintacce ne, kuma na ga tsofaffinmu suna aiki da shi a kan abin da bai wuce ƙullin kuka ba.

Batun masa ya fi fito da wannan fili. Duk Arewa an san masar Bauchi, har a Abuja da Kano da Legas za ka ga an rubuta sunanta a allon shago domin jawo masu saye. Amma ɗan gari ya san cewa masar Bauchi ba guda ba ce. Akwai mai kaifin tsami, akwai wadda aka cika wa sukari, akwai wadda gefenta ke yin ƙayau cikinta kuma ya yi laushi kamar auduga, akwai wadda miyarta ce ke ɗauke da ita. Baƙo zai tsaya a wuraren da suka yi suna a kusa da Wunti, kuma ba laifi, zai ci mai daɗi. Sai dai masar da na fi tunawa a rayuwata ba ta da allo ko kaɗan. A cikin wani gida take a lungun cikin gari, inda za ka yi sallama a zaure, yaro ya karɓi kwanonka ya shiga da shi, kuma idan ka wuce ƙarfe tara na safe ka makara. Matar ba ta taɓa yin talla ba, bakin mutane ne tallarta, kuma da tandar nan ta aurar da 'ya'yanta. Irinta suna da yawa a Jahun da Kobi da Bakin Kura da sauran unguwanni: masu ɗan wake, masu alala, masu fura, masu dambu, matan da sana'arsu take cikin gida saboda mutunci da tsarin zamansu. Tsarin taurari ba zai taɓa ganin waɗannan ba, domin shi sai abin da ke da adireshi da hoto da lambar waya yake gani.

A nan kuwa, mutumin da ya ba gidan abinci taurari biyar ban san shi ba, ban san irin harshensa ba, ban san ko ya taɓa cin abincin da zan kwatanta da shi ba. Wani ya rage tauraro ne saboda bai samu wurin ajiye mota ba, wani ya ƙara saboda an yi masa murmushi. Ga kuma yabon ƙarya da ake saye da kuɗi, wanda ya yi yawan da sai da majalisar Birtaniya ta saka haramcinsa a cikin wata doka ta shekarar 2024. Ko a batun nama, wanda shi ne ya fi damun Musulmi a nan, rubutun halal a jikin gilashin shago ba ya kashe magana, saboda akwai saɓani a kan dabbar da aka sumar kafin yanka, kuma ƙungiyoyin da ke ba da shaida ba matsayinsu ɗaya ba. HMC, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke ba da shaidar halal a nan, alal misali, ba ta amincewa da sumarwa. A ƙarshe sai ka ga kowa ya koma ga abin da muka baro a gida, wato ya tambayi mutumin da ya yarda da addininsa da hankalinsa: wane mahauci kake zuwa?

To, amma adalci bai yarda in tsaya a nan ba. Ramin da na ambata shi ne, shawararmu ta gida tana yi wa ɗan gida aiki ne kawai, kuma tana da kara fiye da kima. Ɗalibin da ya zo jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa daga wata jiha, ko mai yi wa ƙasa hidima da ya fito daga sansanin Wailo, ko direban da ya yada zango a hanyarsa ta zuwa Gombe ko Maiduguri, ba shi da Goggon da za ta ce ya ambaci sunanta. Ɗan acaɓa ko mai Keke zai tambaya, shi kuma zai kai shi inda ya saba ko inda ake ɗan ba shi na goro. Shi ne ake auna wa da ƙaramin mudu, shi ne ake faɗa wa farashin baƙo. Sannan ko a tsakaninmu 'yan gari, muna saurin faɗin inda ke da daɗi, amma muna nauyin bakin faɗin inda ke da ƙazanta. Na taɓa kwana biyu a kwance bayan na ci abinci a wani wuri da abokaina suke yabo, kuma da na warke na ba su labari, sai biyu daga cikinsu suka ce su ma ya taɓa faruwa da su a wurin. Da na tambaye su dalilin da ya hana su faɗa mini, sai suka ce mai wurin mutumin kirki ne, ba sa son su zama sanadin toshe masa hanyar abinci. Na fahimci wannan tausayi, ni ma da shi aka raine ni, amma tausayin da ya kare mutum ɗaya ya bar yara da tsofaffi da masu juna biyu suna cin abin da zai kwantar da su, akwai gyara a cikinsa.

A wannan gaɓar ce nake ganin Turawa sun yi abin koyi, kuma ba taurarin intanet nake nufi ba. Tun daga shekarar 2010 akwai tsarin da jami'an ƙaramar hukuma ke shiga gidajen abinci da shagunan cefane da mahauta, su duba yadda ake sarrafa abinci da adana shi, da tsabtar wurin, da yadda mai wurin yake kiyaye ƙa'idojin lafiya, sannan su ba shi maki daga 0 zuwa 5. Ana ba shi takarda mai launin kore da baƙi ya manna a ƙofa, kuma kowa yana iya duba makin a shafin hukumar kula da ingancin abinci. A yankin Wels manna takardar ya zama dole tun 2013, a Ailan ta Arewa tun 2016, a Ingila kuwa har yanzu ganin dama ne, shi ya sa idan na ga ƙofa babu takarda nakan duba shafin kafin in shiga. Makin ba ya cewa abincin yana da daɗi, wannan aikin harshe ne da bakin mutane. Abin da yake yi shi ne ya ɗauke wa maƙwabci nauyin faɗin maganar da kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, waɗanda ke shiga gida su leƙa randa da makwarara, su zagaya kasuwa da mahauta, kuma ana shakkarsu. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan har gobe a ƙananan hukumominmu. Abin da nake fata shi ne a mayar da sakamakon dubawarsu abin da mai saye zai gani da idonsa, a kuma tsare aikin daga zama hanyar karɓar na goro, domin idan takardar ta zama abin saye, gara ma babu ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a zuwana gida na baya-bayan nan shi ne wani sabon salo da ya ɗauko aibin tsarin nan ya bar alherinsa. Matasa masu mabiya a TikTok da Facebook da Instagram suna shiga gidajen abinci da manyan shagunan da ake ta buɗewa a GRA da titin Jos, su ɗauki bidiyo suna santi, su ce duk garin babu kamar nan. Da yawansu an biya su, ko an ba su abincin kyauta, amma ba sa faɗa. Talla sana'a ce ta halal, ban ga laifin wanda ya ci abinci da ita ba, sai dai mai kallo yana ɗaukar maganar ne da irin nauyin da yake ba maganar Goggo, alhali Goggo mutuncinta ta jingina, shi kuwa wannan gobe yana wani shagon yana maimaita kalmomin jiya. Idan an biya ka, ka ce talla ce, mai kallo ya san ma'aunin da zai auna maganarka da shi. Idan kuwa shawara ce tsakani da Allah, to ka faɗi abin da ka ci, da nawa ka biya, da ranar da ka je, da abin da bai yi maka ba, cikin lafazin da ba zai ci mutuncin kowa ba. Wanda ya ga ƙazanta ma yana da hanyar da ta fi fallasa a bainar jama'a: ya fara jan mai wurin gefe ya yi masa nasiha, idan bai gyara ba sannan ya gargaɗi wanda ya tambaye shi.

Shi dai matashin nan na Small Heath, a ranar Asabar da ta biyo baya na ɗauke shi a mota muka zagaya shagunan ɗaya bayan ɗaya, na gabatar da shi ga mahaucin da nake sayen nama a wurinsa shekara da shekaru, na ce masa ƙanena ne. Na kuma gargaɗe shi da kada ya sa a aiko masa da kilishi ko man shanu daga gida, domin dokar ƙasar ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, kuma ana ƙwacewa a filin jirgi. Kuka ce kawai ba mu samu mai kyau ba, wadda muka gani ta daɗe har ta yi fari. Na kira Addata a Bauchi a daren, ta ce akwai mai tahowa a ƙarshen wata, kuma za ta je Wunti da kanta, rumfar da Inna take aikena, wadda yanzu ɗan mai ita ne yake zama a ciki.